Launin Miya da Lafiyar Dasashi: Jawabi ga Malaman Tambuwal da Kebbe



Shugaban wannan zama, shugabannin reshe, iyayenmu malamai da suka ajiye alli bayan doguwar hidima, 'yan'uwa malamai maza da mata da suka taso daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da waɗanda suka biyo hanya tun daga Kuchi da Margai da Ungushi, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode muku da kuka ba mu aron kunnuwanku.

Mun saba idan muka taru, zancen albashi da ƙarin girma da fansho ne ke cinye mana lokaci, kuma ya cancanci ya cinye. Yau mun nemi izini mu ɗan karkata zuwa wani abu da ke gabanmu kullum, wato bakin yaran da muke koyarwa, da namu bakin. Babu wani ma'aikaci a ƙasar nan da ke kallon bakin yara kamar malamin firamare. Likitan haƙori yana birni, yaro kuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa ake kai shi can. Mu ne muke tsayawa gaban yara hamsin ko sittin muna cewa su buɗe baki su maimaita baƙi da wasali. Mun san yaron da ke rufe baki da hannu idan zai yi dariya. Mun san yarinyar da ta daina ɗaga hannu a aji saboda 'yan'uwanta sun ce bakinta na wari. Da yawanmu mun taɓa ganin yaro na shan rake a lokacin tara, ya tofar da ɓawon da jini a jikinsa, muka wuce muna cewa ai kaifin rake ne.

Sau da yawa wannan jini daga dasashi yake fitowa, dasashin da ya kumbura. Dasashi mai lafiya yana kama haƙori tamau, ba ya zubar da jini don an ciji abu ko an goga aswaki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma kimanin biliyan 1 daga cikinsu ciwon dasashi mai tsanani ne ke damunsu. Ke nan matsalar ta game duniya. Amma a wannan yanki namu tana da wata fuska mai ban tsoro wadda ya wajaba mu ambata tun da wuri.

A birnin Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 100 daga nan Tambuwal, akwai asibitin da aka kafa a shekarar 1999 domin cuta guda ɗaya tak, wadda likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da noman da muka gada, amma asalinsa daga harshen Girka ne, daga kalmar da ke nufin cinyewa. Cuta ce da ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ta raunana, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, sai gyambo ya buɗe, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta ci naman fuska har da ƙashi. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe tara daga cikin yara goma da ta kama. Wanda ya tsira kuma yakan rayu da rauni a fuska, wani ba ya iya buɗe baki, wani a ɓoye shi a ɗaki, makaranta ta gagare shi. Tun shekarar 2014 ƙungiyar likitocin nan na gari na kowa, MSF, take tallafa wa wannan asibiti, kuma kyauta ake yin magani da tiyata a cikinsa. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka kai kuka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023.

Mun kawo wannan ne domin a fahimci cewa lafiyar baki tana tsaye a kan ƙafa biyu: tsafta da abinci. Zancen tsafta mun sha jin sa. Zancen abinci ne aka fi mantawa, kuma a cikinsa akwai wani ɓangare da idonmu ke iya gani ba tare da na'ura ba, wato launin abin da muke ci.

Allah Ya halicci tsirrai da launuka, kuma kowane launi sinadari ne. Jan tumatir da jan cikin kankana da na jar goba, sinadari ɗaya ne ke kawo su, masana suna kiransa laikofin, sunan da aka ciro daga sunan tumatir a harshen Latin. Ruwan ɗorawar karas da kabewa da mangwaro da manja kuma daga ɗan'uwansa ne, bita-karotin. Shi bita-karotin yana nan ɓoye a ganyen zogale da alayyafo da kuka, sai dai koren ganyen ya rufe shi. Ja mai duhu na zoɓo kuwa wani dangi ne daban, ana kiransa antosayanin. Tsiro yana yin waɗannan launuka ne domin amfanin kansa, ya kare jikinsa daga zafin rana, ya kuma jawo tsuntsu da dabba su ɗauki irinsa. Mu da muke ci sai mu sami rabo.

To, mene ne ruwan launi da dasashi? Bari mu bi abin daki-daki, kamar yadda muke yi a aji. Bayan cin abinci, wata dauɗa mai yauƙi takan manne a gindin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Idan ba a goge ta ba, jiki yakan turo dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, su yaƙe su. Makamin waɗannan dakaru wasu sinadarai ne masu ƙuna da ake samu daga iskar da muke shaƙa. Suna kashe ƙwayoyin cuta, amma idan yaƙin ya daɗe sukan ƙona naman dasashin kansa, kamar manomin da ya sa wuta don ya kori ɓera, wutar ta lashe masa rumbu. Irin aikin da iska da danshi ke yi wa kwanon rufi har ya yi tsatsa, shi waɗannan sinadarai ke yi wa naman jiki. Daga nan dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, a hankali ya janye, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, haƙori ya fara girgiɗa. Laikofin yana cikin sinadaran da ke tare wannan ƙuna su kashe kaifinta, kuma a gwaje-gwajen ɗakin bincike an same shi cikin mafiya ƙarfi a danginsa wajen wannan aiki.

An gwada shi a kan mutane ma. A ƙasar Indiya, inda taunar taba da wani irin goro nasu ta sa cututtukan baki suka yawaita, wasu likitocin haƙori sun wallafa bincike a shekarar 2007 a kan mutum 20 masu kumburin dasashi. An ba wasu miligiram 8 na laikofin kullum har mako biyu, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Waɗanda aka wanke musu haƙori a asibiti aka kuma haɗa musu da laikofin sun fi samun raguwar kumburi. Kafin wannan, a shekarar 2004, an yi wani binciken a can Indiya a kan mutum 58 masu farin tabon cikin baki, irin wanda ba ya gogewa kuma wani lokaci yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Bayan wata uku, waɗanda suka sha laikofin sun fi samun sauƙin tabon.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi adalci, domin malami ba ya ƙara wa zance gishiri. Mutum 20 da mutum 58 ba su kai yawan ajinmu biyu ba. Binciken ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma a na farkon, laikofin ya fi nuna amfani ne inda aka riga aka cire dauɗar haƙori. Abin da za a iya ɗauka daga ciki shi ne laikofin mataimaki ne. Ba ya cike kogon haƙori, ba ya mayar da haƙorin da ya faɗi, kuma ba ya warkar da noma. Duk mai tallar magani da ya tsaya a tasha ko a ranar kasuwa da lasifika yana cewa ƙwayarsa ta ruwan tumatir tana warkar da kowane ciwon baki, kuɗinmu yake so.

Ba ma bukatar ƙwayar tasa, domin abin yana cikin fadamunmu. Giram 100 na ɗanyen jan tumatir yana ɗauke da laikofin kimanin miligiram 2 da rabi zuwa 3. Giram 100 na jar kankana yana da kimanin 4 da rabi, jar goba kuma ta haura 5. Tumatirin gwangwani, da yake an ƙafe ruwansa, ya kusa miligiram 30 a giram 100. Wato miligiram 8 ɗin nan da aka yi gwaji da shi bai wuce abin da ke cikin tumatir matsakaita uku ba, ko yankan kankana mai kauri guda, ko babban cokali biyu na tumatirin gwangwani.

Akwai kuma wani abu da iyayenmu mata suka daɗe suna yi daidai ba tare da sun san sunansa ba. Laikofin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, kuma yana ƙulle ne cikin tsokar tumatir. Idan aka niƙa tumatir aka soya shi da ɗan man gyaɗa, zafi yakan fasa ƙullin, mai kuma ya ɗauke shi zuwa cikin jini. Saboda haka jiki ya fi cin moriyar laikofin na miyar dage-dage a kan na ɗanyen tumatir. Haka abin yake ga bita-karotin: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi zogale zalla amfani, domin man da ke cikin ƙuli-ƙulin shi ke yi masa jagora.

Shi bita-karotin yana da wata daraja da laikofin ba shi da ita, domin jiki yana juya shi ya zama bitamin A. Wannan bitamin shi ke kula da lallausar fatar da ta shimfiɗe cikin baki da maƙogwaro da ido, shi ne kuma ke ƙarfafa garkuwar jikin yaro. Ƙyanda tana ƙwashe shi daga jiki, shi ya sa ake ba yaron da ta kama bitamin A a asibiti, shi ya sa kuma ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 shi sau biyu a shekara a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Idan muka tuna cewa ƙyanda da tamowa su ne manyan ƙofofin da noma ke shigowa ta cikinsu, za mu gane darajar kabewa a miyar taushe da jan manja a cikin wake. Sai dai a lura: manjan da aka bari a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, amfanin nasa ya tafi tare da launin.

Yawancin abubuwan nan masu launi suna tafe da wani abokin tafiya marar launi, wato bitamin C, wanda jiki ke bukata wajen saƙa zaren da ke ɗaure dasashi da haƙori. Rashinsa ne ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwan Turai a ƙarnonin baya, dasashinsu ya ruɓe, haƙoransu su zube, har wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya gwada ba su lemu a shekarar 1747 ya ga sun miƙe. Mu muna da shi a goba da lemu da tattasai da garin 'ya'yan kuka. Halinsa ya saɓa da na laikofin, domin wuta tana kashe shi, kanwa ma haka. Don haka hikima ita ce a haɗa biyu: dafaffe a tukunya, ɗanye a hannu.

Ba kowane ja ne abokin baki ba, kuma wannan ma sai mun faɗa. Kakanninmu mata sun yi ado da goro da furen taba, haƙora su yi jawur, a ce an yi kwalliya. Wannan ja rini ne kawai, yakan ma ɓoye dauɗa da jinin dasashi. Garin taba da wasu dattawa ke cusawa a leɓe, da sigarin da samari ke zuƙa, suna cikin manyan masu jawo ciwon dasashi da farin tabon nan da muka ambata. Zoɓo kuwa launinsa mai amfani ne, amma yana da tsami, kuma yadda ake sayar da shi a ƙofar makarantunmu an cika shi da sukari. Tsami yana cin farin rufin haƙori, sukari kuma abincin ƙwayoyin da ke huda shi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in so samu ne ya tsaya a kashi 5, wato kimanin ƙaramin cokali 6 ga babban mutum. A sha zoɓo, amma a rage sukari, a sha shi tare da abinci maimakon a yini ana tsotsar leda, a kuma kurkure baki da ruwa.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: Malam, da wane albashin? Tambaya ce ta gaskiya, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma mu dubi yadda shekara take juyawa a nan. Da rani, daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, tumatir yakan yi araha har ya ruɓe a kwando, kankana ta cika bakin titi, mangwaro ya biyo baya. Da damina ta kankama sai tumatir ya yi tsada, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya yawaita, yara suka fi rauni. Wanda ya tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, ya san yadda miya ke komawa idan ja ya ɓace daga kasuwa. Maganin wannan giɓi tanadi ne. A yanka tumatir lokacin arha a shanya kauɗa, amma a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga sama, ba a gefen kwalta inda ƙura da awaki ke bi ba. A shanya zogale da kuka a inuwa, domin rana tana cinye bita-karotin ɗinsu. Da damina kuma Allah Ya ba mu ganye kyauta: zogale, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo. Idan za a sayi tumatirin gwangwani ko na leda, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa.

Saboda haka muna gabatar wa wannan reshe abubuwa huɗu, kuma babu wanda ke bukatar takarda daga ofis kafin a fara shi.

Na farko, duba baki ya shiga cikin duba tsafta na safiya. Muna duba farce da gashi da tufafi, to mu ƙara da cewa yaro ya ɗaga leɓe. A yi shi cikin mutunci, kada a kunyata kowa a gaban 'yan'uwansa. Wanda aka ga dasashinsa ya kumbura ko yana jini, a kira shi gefe, a kuma sanar da iyayensa.

Na biyu, mu koyar da alamomin haɗari har yara su haddace su, domin waɗanda noma ta fi kamawa ƙannen ɗalibanmu ne, waɗanda 'yan matan ajinmu ke goyawa idan sun koma gida. Ƙaramin yaro mai wari mai tsanani a baki, da gyambo a dasashi, da yawan dalalar miyau, da ƙin cin abinci, balle a ga kunci ko leɓe ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana. A wannan mataki magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da cutar. Kwanakin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da turare a gida, su ne cutar ke cin fuska a cikinsu. Mu kuma riƙa tunatar da iyaye rigakafin ƙyanda da ake yi wa yaro a wata tara.

Na uku, kowace makaranta mai rijiya ko famfo ta ware ɗan fili. Zogale goma a jikin shinge, kunya biyu ta tumatir, ramin kabewa, gwanda ɗaya ko biyu. Darasin aikin gona da na kiwon lafiya sai su haɗu a wuri guda, yaro ya ga abin da ake faɗa masa da idonsa, ya kuma tafi gida da iri a aljihu. Ta haka noman da muka gada zai taya mu tare waccan noma da ke cin 'ya'yanmu.

Na huɗu ya shafe mu ne mu kanmu. Baki shi ne jarin malami, da shi muke ci. Malamin da haƙori ya hana barci ba ya iya tsayawa gaban allo. Mu riƙe aswaki, wanda addini ya kwaɗaitar da shi tun kafin likitoci su tabbatar da amfaninsa, mu kuma goge baki da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid sau biyu a yini, musamman kafin barci. Mai ciwon sukari ya ƙara kula, domin ciwon sukari da ciwon dasashi kowanne yana rura wutar ɗan'uwansa. 'Yan'uwanmu mata masu juna biyu su sani dasashi yakan yi saurin kumbura a wannan lokaci, kuma ba dalilin barin goge baki ba ne. Duk wanda ya ga gyambo ko fari ko jan tabo a bakinsa ya wuce mako biyu bai warke ba, ya nemi likita, ko da zai kai shi har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

'Yan'uwa malamai, Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba tun yana aji ɗaya ya goge bakinsa, ya kuma tambayi mahaifiyarsa ina ja da kore a cikin kwanon yau, zai girma da wannan ɗabi'a ya koya wa nasa 'ya'yan. Muna roƙon kowane shugaban makaranta da ke nan ya fara duba bakin yara daga Litinin mai zuwa, idan muka sake haɗuwa kuma kowa ya zo mana da labarin abin da ya gani da abin da ya shuka.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka a cikin aikinmu, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.